Sawu Na Uku a Hanyar Challawa

Sai da ruwa ya ja baya aka ciro jirgin daga cikin yashi, can ƙasa da inda magudanar kamfanonin fata ke zuba a Kogin Challawa. Gawa uku an riga an binne su. Injin kuwa yana ƙarƙashin ruwa har yau. Allon bayan jirgin, inda ake ɗaure injin, ya tsage tun daga sama har ƙasa, kuma a bakin tsagewar akwai sabuwar kwalta da wani ya shafa. Mutanen Tsallake suna ganin kwaltar nan suka gama shari'a a tsaye. Wani ne ya illata jirgin, ya rufe ɓarnarsa, ya bar bayin Allah suka hau.

Ni Haruna, bin sawu ne sana'ata. Da shanun sata na fara a dajin Jigawa, da gwiwa ta soma ƙara na dawo Kano ina bin ɓarayin fata da na wayar wuta tsakanin Sharada da Challawa da Bompai. Ba na son aikin ruwa, don ruwa ba ya riƙe sawu. Haka na faɗa wa Idi ranar da ya zo ƙofar gidana, idonsa ya faɗa, rigarsa a birkice bai ma sani ba.

Idi tsohon direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar kaya daga Dakata zuwa kudu har ciwon baya ya sauke shi. 'Yarsa Atika tana cikin ukun nan. Ita kaɗai ta rage masa a cikin 'ya'yansa, tana aikin ƙunsa biskit a wani kamfani a Challawa, ita ke ciyar da gidan.

"Malam Haruna, ba diyya nake nema ba," in ji shi. "Suna nake so. Uwarta ba ta ci, ba ta sha, kullum tambayarta ɗaya, wane ne. Ku samo min shi in faɗa mata."

Da na san inda hanyar za ta kai ni, wallahi da na ce gwiwata ta hana.

*

Yadda abin ya faru ba shi da tsawo. Mutanen Tsallake a hayin kogi suke, kamfanoni a wannan gefen. Da damina in ruwa ya cika, zagayen gada yana cin rabin safiya, kuma in ka makara aka rufe get, ranar ta tafi. Sai ma'aikatan suka haɗa kai suka sayo tsohon jirgin faiba mai inji, suka kai wa wani makanike a Sharada, Joshuwa mutumin Filato, ya gyara. Idi ne ya aro a-kori-kura ya jawo jirgin a kan 'yar tirela mai taya biyu har bakin ruwa, kyauta, ya ce sadakarsa ke nan. Washegari a fiton farko, ana tsakiyar kogi, allon baya ya dare, injin ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwa ya shigo ta nan, igiyar ruwa ta juya jirgin.

Joshuwa aka fara cafka. Kafin 'yan sanda su isa ma, samari sun riga sun farfasa rumfarsa sun kwashe abin kwashewa. Matarsa Godiya ta gudu da yara wajen wata 'yar uwarta a Bompai. A bayan kanta na same shi, leɓensa a fashe.

"Baba, allon nan lafiya lau ya bar hannuna," ya ce. "Na buga shi da guduma ta ko'ina, ƙararsa ɗaya. Ni ba na amfani da kwalta, ko gwangwaninta babu a shagona."

"To me zai tsaga allo irin wannan, in ba hannun mutum ba?"

"Hanya. Injin nan ya fi buhun siminti nauyi, kuma duk nauyinsa a allon yake rataye. A ruwa ba komai. Amma a kan tirela, in taya ta faɗa rami, sai ya yi sama ya dawo ya fizgi allon. Shi ya sa ake ɗaga wutsiyarsa a tokare ta da jikin tirelar, nauyin ya sauka a ƙarfe. Akwai wani ɗan maƙale da ke riƙe shi in an ɗaga, amma na tsayuwa ne, ba ya jure hanya."

"Kai ka tokare?"

"Da hannuna. Katako na yanka, na yi masa baki kamar gwafa, na liƙa robar taya a ciki don kada ya goge fenti, na ɗaure da roba. Na faɗa wa 'yan sanda, suka ce ina katakon. Ni kuma ina zan sani?"

Na duba hannunsa. Baƙin mai ne a faratansa, babu kwalta. Ban ce masa na yarda ba, don mai bin sawu da ya yi saurin yarda ya gama aiki.

*

Na biyu da ake nunawa da baki shi ne Sagir, wanda ya tuƙa jirgin. Ɗan fito ne tun kakanni, da kwale-kwalen katako yake haye da mutane, kuma kowa ya ji shi lokacin da ake maganar sayen mai inji yana cewa za a kashe musu sana'a. Daga baya aka lallashe shi aka ba shi tuƙin. Ya fita da ransa, ya ma ciro mutum biyu, amma mutane suka ce ai wanda ya san abin da zai faru shi ke fara iyo.

Na same shi a bakin kogi zaune a kan kifaffen kwale-kwalensa. Ban tambaye shi komai ba, na sunkuya na jawo gwangwanin da ke ƙarƙashin kwale-kwalen. Kwalta ce, da tsumma a ciki, samanta bai gama bushewa ba.

Ya daɗe yana kallon gwangwanin, sai hawaye.

"Ni na shafa, Baba. Amma na rantse da Allah ba ni na tsaga ba. Da safen na zo na ga wani siririn layi a allon, kamar zare. Mutane sun riga sun cika bakin ruwa, kowa yana cewa Sagir yi sauri za a rufe get. Mu a kwale-kwale in katako ya tsage, tsumma da kwalta muke sa wa, ya shekara yana aiki. Na zaci wannan ma haka ne."

"Ka cuci kanka, ka cuci mutane," na ce masa, don haushi ya kama ni. "Da ka ce yau ba fito, yanka ka za su yi?"

Na tambaye shi yadda jirgin ya iso da yammacin jajibirin.

"Baba Idi ya kawo shi gab da Magariba. Injin yana rataye, wutsiyarsa a ƙasa, duk taɓo, fentin ƙasanta ya goge."

"Babu katako a ƙarƙashinsa?"

"Wane katako?"

Nan na tsaya. Ɗaya ya ce ya sa, ɗaya ya ce bai gani ba. Ko dai ɗayansu maƙaryaci ne, ko kuwa katakon ya sauka a hanya. In a hanya ne, to aikin ya dawo ƙasa, inda na iya.

Na bi ta gidan Idi na tambaye shi a taƙaice ko ya tsaya wani wuri, ko wani ya matso kusa da jirgin.

"Ba wanda ya taɓa shi," ya ce. "Daga Sharada sai bakin ruwa. La'asar kawai na tsaya na yi."

*

Daga bakin kogi na faro, ina komawa baya. Hanyar da ta taso daga nan zuwa titin kwalta ta ƙasa ce, tun da abin ya faru kuma babu motar da ta ƙara bi, taɓon ya bushe da duk abin da aka rubuta a kansa. Ga faffaɗan sawun a-kori-kura, ga siririn na tirela a cikinsa. A tsakiyarsu kuma ga na uku, wani tsagi kamar an ja garma, ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace. Duk inda taya ta faɗa rami, nan tsagin ya fi zurfi. Wutsiyar injin ce take dukan ƙasa, kuma kowane duka allon ne ya sha shi.

A kan kwalta aikin ya yi wuya. Manyan motoci sun bi, 'yan adaidaita sun bi, ga ruwan jima mai wari yana malala daga ƙarƙashin katangu. Amma hanyar Challawa ba a rasa ta da rami da tudun rage gudu, kuma a ƙoƙon kowane tudu sai in ga ƙarce a tsakiya, da ɗan shuɗin fenti maƙale a tsakuwa. Haka na yi ta sunkuyo ina miƙewa, masu gadin kamfanoni suna kallona suna zaton kuɗi na yar. Wani ma ya ce, "Baba, in allura ce ku haƙura." Ban kula shi ba.

Can wajen wata tsohuwar masaƙa da aka rufe, ƙarcen ya ƙare. Tudun gaba da shi wankakke ne, na gabansa ma haka. Wato daga Sharada har kusa da nan injin a ɗage ya zo. Joshuwa bai yi ƙarya ba.

Na ɗaga kai na duba wurin. Gangare ne. A gefensa akwai ɗan masallacin langa-langa da ma'aikata suka kafa, da butoci a jere. A gindin katanga wata mata tana suyar awara, Aina'u ake ce mata. Na gaishe ta, na sayi ta ɗari don in samu bakin magana, sai idona ya sauka a kan abin da take zaune a kai.

"'Yar nan, ɗan tashi in ga kujerarki."

Katako ne mai tsawon kamu biyu. Bakinsa ɗaya gwafa, da robar taya a liƙe, da shuɗin fenti a jikin robar. A ɗaya gefen kuwa ga hoton taya ya nutse a cikinsa, da busasshen taɓo.

"Wani dattijo ne ya bari," in ji ta. "Ya zo da jirgin ruwa a bayan mota, yara har suka taru kallo. Motar tana ta zamewa baya, ya duba bai ga dutse ba, sai ya zagaya ya kwance wannan daga ƙarƙashin injin ya yi wa tayar waigi da shi. Ya yi sallarsa, ya fito ya shiga mota ya ja. Na ɗaga masa hannu bai gani ba. In naku ne ku ɗauka, Baba, dama gobe zan sa shi a wuta."

"Shi kaɗai ne?"

"Shi kaɗai. Mutumin kirki, har ya sa wa yarana albarka."

Na zauna a ƙasa, a cikin ƙazantar nan. Na bi sawun ɓarayi da 'yan fashi, na ga ƙarshen sawu iri-iri, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Wutar Aina'u tana ci a gabana. Na miƙa mata katakon nan kawai, shi ke nan, in koma in ce sawu ya ɓace a kwalta. Na yi wannan tunanin, kuma na daɗe a cikinsa. Amma ga wani bawan Allah can a kulle, 'ya'yansa suna ɓoye a ɗakin aro, kuma in aka sake shi ba da hujja ba samarin nan ba za su bar shi da rai ba. Na naɗe katakon a buhu na saɓa.

*

A harabar ofishin 'yan sanda aka taru, ƙarƙashin darbejiya. Sufeto yana kan kujera, mai unguwar Tsallake a gefensa. Aka fito da Joshuwa. Sagir ya rakuɓe a jikin bango. Dangin mamatan suna kan tabarma, Idi a gaba, samari kuma a tsaye a baya suna jiran a nuna musu mutum.

Na fara da kwalta. Sagir bai bari na ƙarasa ba, ya tashi ya faɗa da bakinsa. Wuri ya ɗauki guna-guni, wani ya yunƙura, Sufeto ya daka tsawa aka zauna.

"Sagir ya rufe tsagewa, zai amsa nasa," na ce. "Amma ya same ta ne a tsage. A hanya allon ya tsage."

Na ba su labarin sawu na uku, daga bakin ruwa har inda ya ƙare. Ban ambaci masallaci ba. Ina ta juya yadda zan faɗi sauran, na kwance buhun na ajiye katakon a tsakiya, ina neman kalmar da za ta fi sauƙi. Ban samu ba, Idi ya riga ni.

"Af, ai waigina ne wannan," ya ce, har da ɗan sakin fuska. "A masallacin gangaren nan na manta shi. Ina kuka samo shi, Malam Haruna?"

Joshuwa ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.

"Baba Idi," ya ce ta cikin hannun, "na ce muku kada a taɓa shi sai an kai bakin ruwa."

"Ai ban daɗe ba. Birkin hannun motar ba ya ci, ga gangare, ga yara a bayan tirela. Na ce in ara in na idar in mayar." Ya dubi mai unguwa, ya dubi ni, kamar mai neman a taya shi. "In na idar in mayar, haka na ce."

"Ba ku mayar ba," na ce. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar lokacin ba.

Ya tsura wa katakon ido. Ina ganin lokacin da abin ya isa gare shi, don kafaɗunsa ne suka fara sauka.

"Yaron mota ne ke cire waigi," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Ni tun da nake tuƙi, in na shiga na tayar, yaro ya zare ya jefa a baya ya ɗale. Ban taɓa sunkuyawa na ɗauki waigi ba. Ranar ba ni da yaro."

Sagir ya matso da gwiwa. "Baba, laifina ne. Ni na ga tsagewar, ni na ɗebi mutane."

Idi bai ko dube shi ba. Sai ya juya wajen Joshuwa.

"Ɗana, kai ka san aikin. Da na mayar da shi, allon zai tsage?"

Joshuwa ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Baba, kowa da kwanansa."

"Ban tambaye ka kwana ba, na san wannan. Zai tsage?"

"Ba zai tsage ba."

Wata tsohuwa da jikanta ke cikin mamatan ta tashi ta yafa mayafinta ta fita. Samarin da suka zo da sanduna a ɓoye cikin riga suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sun zo neman wanda za su daka, sun tarar da mutumin da ya ɗauki gawar 'yarsa a kafaɗa. Ko ɗaya a cikinsu bai tsaya ya ba Joshuwa haƙuri ba, wannan kuwa har yau yana ci min rai.

Idi ya miƙa wa Sufeto hannuwansa biyu a haɗe. Sufeto ya kawar da kai, ya ce ya je gida, in an neme shi zai zo.

"Ku rufe ni, ranka ya daɗe," in ji Idi. "Don Allah ku rufe ni. Nan ya fi min sauƙi."

Ba a rufe shi ba. Sagir aka riƙe. Joshuwa ya fito yana ɗingishi, na ce masa ya koma ya tayar da rumfarsa, sai ya girgiza kai ya ce da me, kuma wa zai ƙara kawo masa aiki. Ya ɗan tsaya a gaban Idi, sannan ya wuce neman motar Bompai.

*

Ni na raka Idi gida, ta zagayen gada. Muna kan gadar ya juyo gare ni.

"Kada kowa ya riga ni faɗa wa uwar Atika."

"In kuna so ni in faɗa," na ce. "Ko a bari sai ta ɗan samu ƙarfi."

"Ni na yi mata alkawari."

Rana ta yi ja lokacin da muka isa. Ya tsaya a ƙofar gidansa kamar baƙo, ya ɗaga murya zai yi sallama, muryar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa. Ina tsaye a bayansa ina jin numfashinsa. Motsinmu matarsa Sa'adiya ta ji, ta leƙo zaure tana dafa bango, ta rame har hijabin ya yi mata yawa. Ta gan ni, ta gane daga inda muke.

"Malam, an samu mutumin?"

"An samu," in ji Idi.

"Alhamdu lillahi." Ta share ido da gefen hijabi. "Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira. Ba zan yafe ba ko a gaban Ubangiji. Yana ina yanzu? Sun rufe shi?"

"Ba su rufe shi ba."

"To yana ina?"

Idi ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a bakin zaure.

"Shiga ciki, Sa'adiya," ya ce. "Samu wuri ki zauna."